Minti Uku Ba Kaɗan

Sun toshe tagogin aji da kwalaye.
Zafin Afrilu ya shigo ya zauna cikinmu
kamar shi ma ya biya kuɗin zango.
Takardar maki na gabana:
haske goma, sauti goma, labari ashirin.
Junaidu ya danna maɓalli, bango ya yi baƙi.

Ɗis.
Ɗis.
Famfo ke ɗiga cikin duhu.
Na san gidan, ko dai irinsa, can cikin Mabera
inda rabon famfo da ruwa tun kafin azumi.
Sai ga Luba, ɗalibata ta layin baya
wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba,
ta tara hannu.
Tafinta a bushe. Ɗigar ba ta fasa ba.

Na rubuta: madalla. Na ja layi ƙarƙashi.

Wajen daƙiƙa arba'in hoton ya fara rawa,
hannun mai ɗauka ya gaji.
Ɗan kabu-kabu ya wuce yana matsa hon,
jar akuyar maƙwabta ta sa baki
a zancen da ba a gayyace ta ba.
Aji ya kwashe da dariya. Na cire biyu.
Jinin da suka yarfa a ƙyaure kuwa
zoɓo ne, kowa ya san zoɓo,
ƙudajen da suka taru ma shaida ne.
Tsoro ba ya son kwalliya.
Na cire uku, biro na zame mini don zufa.

Sai aka yi sallama daga zaure.

Muryar Luba ce.
Ga kuma Luba a tsakar gida, buta a hannu,
bakinta a rufe.
Ba kiɗa, ba ihu, ba wanda ya faɗo daga rufi.
Ta dubi ƙofa.
Na ƙirga ba da niyya ba: daƙiƙa goma sha ɗaya.
Sannan ta amsa, a hankali,
kamar mai biyan tsohon bashi.

Duhu. Sunan fim ya fito, har da kuskuren harafi.
Ba wanda ya yi dariya.
Yarinyar da ke fifita da littafi
ta manta hannunta a sama.

Na ce, wa ya rubuta wannan wurin?
Suka dubi juna, suka dubi Modi.
Ya sosa ƙeya, idonsa kan siminti:
"Malama, ba rubutawa munka yi ba.
Innata ta. Tun da anka yi rasuwa gidanmu,
kullum bayan lisha sai ta amsa sallama,
mu ko ba mu ji kowa ba.
Murya kawai munka aza."

Shekara goma sha tara ina koyar da
inda ake dasa kyamara, inda ake yanka,
yadda inuwa ke faɗin abin da baki ya ɓoye.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu gurbin da zan zuba wannan.

Talatin da ɗaya cikin arba'in.
A gefe na ƙara da jan biro:
ku ɗaure kyamara ko da kan turmi ne,
ku shanye zoɓonku,
ku jira akuya ta kwanta,
ku gyara harafin nan.
Shirun kuwa kada wanda ya taɓa shi.
Modi, ka zo ofis, ba don maki ba.

Da magariba na isa Runjin Sambo,
ba wuta, unguwa sai ƙugin janareto.
Ni kaɗai nake kwana tun auren autata,
amma baki ya saba, na yi sallama.
Makulli na hannuna.
Ban san me ya tsayar da ni ba,
na dai samu kaina ina ƙirgawa,
har na wuce sha ɗaya.